Karsanar da Baba Ya Bayar

Juma'a, 11 ga Maris 2022

Na dawo daga injin niƙa da la'asar, gari har cikin hanci, na tarar da turke babu kowa. Kashinta yana nan ɗanye. Ruwan tsarin geron da na aje mata da safe ma ba ta shanye ba.

Na tambayi Inna ina Goshi, karsanata. Ta ci gaba da tankaɗe kamar da bango nake magana. Na sake tambaya. Ta ce, "Jira babanka."

Na san wannan "jira babanka". Ita aka faɗa mini ranar da buhunan geronmu suka bi mutanen ƙauyen Mai Yara, ita aka faɗa ranar da teburin majami'a ya fito daga ƙyauren ɗakinmu. Amma waɗancan ba nawa ba ne.

Bari in aje alƙalami. Sai gobe.

Asabar, 12 ga Maris

Ya ba da ita. Habbanaye.

Bari in rubuta yadda abin yake cikin kayen nan, littafin rubutuna, don kada wata rana a ce mini ba haka aka yi ba. Goshi tana da kwana tara uwarta ta mutu. Ni na shayar da ita da kwalba. Ni na cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗauko mata harawa a ka shekara uku da rabi. Baba da bakinsa, gaban Inna, ya ce, "Wagga taka ce, Isufu. Ranar aurenka ita za ta yi maka magana." Yanzu tana da ciki wata biyar. Duk unguwa an san ita ce sadakin Hawwa'u.

Habbanaye kuwa al'adar Fulani ce. Ka ba wanda garkensa ya ƙare saniya, ya riƙe ta har ta haihu sau uku, maruƙan nasa ne, sannan ya maido maka uwar. Sau uku. Shekara biyar in an yi sa'a. Lokacin na wuce talatin.

Kuma wa aka ba? Bubakar.

Shekara uku da suka wuce shanun Bubakar suka shiga gonarmu ta wajen Korahane, suka share wake tas. Gaban mai gari Baba ya ce ya gan su da idonsa, zai rantse. Bubakar ya ce rantsuwar wanda ba ya salla ba rantsuwa ba ce. Aka yi dariya, aka tashi. Ina wurin. Har yau zan iya lissafa waɗanda suka yi dariyar. Bara ciwon huhu ya shiga garkensa, ɓarayi suka kore saura, ya rage da tsohuwar saniya guda. Da na ji na ce alhaki ne. Baba kuwa jiya ya gan shi a kasuwa zaune bakin turakun shanu, ba saye ba sayarwa, yana kallon na mutane. Shi ke nan, ya jawo shi gida ya kwance masa Goshi.

Na ce, Baba, duk shanunka huɗu da ke wajen makiyayi ba ka ga ta bayarwa ba sai tawa? Ya ce biyu bijimai ne, ɗaya ta tsufa, ɗaya ba ta ɗaukar ciki. "Ba a habbanaye da abin da kai kanka ba ka so."

Na ce to ai ba kai ke son ta ba, ni ne. Ya sa hula ya fita.

Lahadi, 13 ga Maris

Ban je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo. Inna ta kalle ni ta wuce.

Laraba, 23 ga Maris

Abin da ya fi ƙona mini rai: Baba bai iya karatu ba. Ni ne nake karanta masa Littafi kowace safiya kafin mu tafi inji. Ni da aka cire daga lakkwal, makarantar boko, a aji biyu, na koya wa kaina da takardar waƙoƙin majami'a da rubutun jikin buhuna, harafi harafi. Ni nake karantawa, shi yake aikatawa da kayana.

Kwana goma ina bin Littafin shafi shafi ina neman inda zan kama shi. Na samu wuraren da ake cewa mutum ya fara kula da gidansa, da inda aka hana iyaye tsokanar 'ya'yansu. Yau na karanta masa su da ƙarfi, ina jan kowace kalma. Ya saurara har ƙarshe, idonsa rufe kamar kullum. Ya ce, "Gaskiya ne. Ƙara karanta na biyun." Na ƙara. Ya gyaɗa kai. Na ɗauka na ci.

Sai ya ce, "Isufu, injin nan namu ne?" Na ce na wa ne in ba namu ba. Ya ce, "Na zo Dakoro da taguwa ɗaya. Duk abin da ka gani gidan nan habbanaye ne aka ba ni. Mai shi na nan zuwa ya karɓa, kuma ba zai tambaye ni ƙibarta ba, zai tambaye ni wa ya sha nonon."

Na ce to Mai shi ya ce a ba wanda ya tozarta ka gaban jama'a? Ya ce, "In sai wanda ya yi mini alheri zan ba, mi ya raba ni da dillali?"

Maganarsa tana da daɗi. Kullum tana da daɗi. Ni dai turkena babu kowa.

Talata, 5 ga Afrilu

A bakin inji mata suna cewa Abarci, Babana ke nan, ya sayi Bafulatani da saniya, wai kafin damina Bubakar zai shiga majami'a. Na kashe inji na ce duk wadda ta sake faɗa ta ɗauki hatsinta ta kai wani wuri. Ba don Bubakar ba. Baba bai taɓa ce wa kowa bi ni don ya ba shi loma ba, wannan ko ni da nake fushi da shi na sani. Da ma saye ya yi, da aƙalla an samu wani abu.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Idin Tashin Almasihu. Na je, don Hawwa'u tana cikin masu waƙa.

Bayan an tashi babanta ya kira ni gindin itacen bedi. Ya yi ta zagaye, zafi, tsadar gero, sannan ya ce shi ba mai matsa wa mutum ba ne, amma yarinya ta kai, kuma akwai wani malamin lakkwal daga Maradi da ya aiko sau biyu. Ya ce in har Nowel, wato Kirsimeti, ba a kawo komai ba, ba zai iya ci gaba da ce wa mutane a dakata ba.

Hawwa'u ta same ni wajen randa. "Sun ce an ba da sadakina kiwo." Tana dariya, amma idonta ba ya yi. Na ce zan karɓo ta. Ta ce, "Ana karɓo habbanaye?" Na ce ni ba Bafulatani ba ne, al'adarsu ba ta ɗaure ni ba.

Ta ce, "Kai dai bakinka ya riga ƙafarka." Ta tafi da mayafinta a hannu.

Juma'a, 13 ga Mayu

Kasuwa yau ba ta kallo ba ce. Shanu sai ƙashi da fata, wasu a amalanke aka kawo su don ba sa iya tafiya. Ciyawa ta ƙare a arewa tun watan uku. Na ga saniya tana cin kwali. Masu banda sun cika gari da motocinsu, suna bin rugage suna sayen wadda ta faɗi da kuɗin da bai kai na tunkiya ba, su yanka nan take su kyafe naman.

Halidu mai kabu-kabu, abokina, ya dawo daga wajen Azagor. Ya ce hanya duk mushe, ungulu ma sun ƙoshi sun daina tashi. Na ce ya ga Goshi? Ya ce bai bi ta rugar Bubakar ba. Sai ya ƙara da cewa, "Ka san dai in ta mutu a hannunsa babu biya. Haka dokarsu take."

Ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini wannan.

Asabar, 21 ga Mayu

Hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi. Ko ɗigo.

Litinin, 30 ga Mayu

Yau na faɗi abin da bai kamata ba, kuma ban janye ba.

Baba ya sa a ɗibar wa wasu Buzaye dusa daga ɗakin ajiya, kyauta, kamar yadda yake yi tun farkon wata. Na tsaya bakin ƙofa na ce babu buhun da zai fita. Gaban mutane. Na ce masa kyauta da kayan wani ba kyauta ba ce, sunanta daban, kuma ya san sunan. Na ce yana sayen aljanna da aurena. Inna ta saki kwarya.

Ya sallami Buzayen da dusarsu tukuna, a gabana. Sannan ya ce in biyo shi zaure.

Na shirya wa faɗa. Sai ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Tun ranar da ka karanta mini wurin nan sau biyu nake juya shi. Na yi maka laifi. Na ba ka ita da bakina, na kwance ta ban tambaye ka ba. Na ji tsoron in na tambaya za ka ce a'a, shi ya sa na yi da sauri. Wannan ba bangaskiya ba ce, wayo ne. Ka gafarta mini."

Ban taɓa jin Baba ya ce haka ga kowa ba. Na rasa inda zan sa idona. Fushin da na tara wata biyu da rabi ya rasa wurin sauka, sai ya ƙaru.

Na ce gafara ba ta maido saniya. Ya ce, "Gaskiya ne. Taka ce. Ka tafi ka karɓo abinka, ba zan hana ka ba, ba kuma zan aike ka ba. Amma da bakinka za ka faɗa mishi, kana kallon idonshi."

Yana tsammanin ba zan iya ba.

Alhamis, 2 ga Yuni, rugar Bubakar

Halidu ya kawo ni a moto, babur ɗinsa, da rabin buhun dusa ɗaure a baya don in ƙarfafa ta kafin mu kama hanya. Ya aje ni ya juya, zai dawo ranar Laraba ko in riga shi isa da ƙafa.

Bukka biyu, rijiya mai nisa, itatuwan da aka sassare wa rassa har sun koma kamar hannun kuturu. Bubakar yana kan wani gawo, yana saro ganyen da ya rage can ƙololuwa. Ya sauko a hankali. Ya rame har na kusa ban gane shi ba.

"Ɗan Abarci. Sannu da hanya."

Matarsa Aisa ta kawo mini ruwa. Na lura da ƙoƙon, na jira in ga ko na musamman ne da ake ba irinmu. Shi ne dai wanda shi ma ya sha da shi bayana.

Ban zauna ba. Na ce na zo karɓar saniyata. Na shirya maganganu tun daga Dakoro, har da ta wake, har da ta rantsuwa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya je ya kwance ta daga inuwa ya miƙo mini igiya da hannu biyu. Ko "don mi" bai tambaya ba.

Goshi. Ƙugunta kamar an rataya riga a kan turaku, cikin ya yi mata nauyi. Amma tana tsaye, kuma ta san ni, ta sa hancinta a hammatata yadda take yi tun tana ƙarama. Can gefe tsohuwar saniyarsa ce kwance, ja mai dogon ƙaho, ta fi Goshi lalacewa nesa.

Na ce haka ake riƙon amana? Ya ce, "Shekarar ce." Na ce gobe zan ba ta abinci na gaske.

Juma'a, 3 ga Yuni

Na kusa kashe ta. Ni, da hannuna.

Da sassafe na jiƙa dusa cikin babban kwano, na cika shi. Bubakar ya ce, "Kaɗan, ɗan Abarci. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar alheri da yawa. Tafin hannu biyu, da rana ka ƙara." Na ce masa ni na raine ta tun yana cinye waken mutane, kada ya koya mini. Ya ɗauki gatari ya tafi. Ta cinye. Na ƙara mata wani, don in ya dawo ya gani.

Kafin azahar cikinta na hagu ya kumbura kamar ganga. Tana nishi, harshe waje, ta durƙusa ta kife. Na buga cikin, yana amsawa. Na yi ta kiran sunanta kamar wawa. Aisa ce ta ruga ta kira shi.

Ya sa Aisa ta jiƙa kanwa, ta kawo ɗan man gyaɗan da ke cikin kwalba, na ga iyakarsa ke nan a gidan. Ya ɗaga kanta ya ɗura mata. Ya gicciya mata sanda a baki ya ɗaure ta bayan ƙaho don ta yi ta tauna. Ya ce, "Kama wutsiya. In na ce ɗaga, ka ɗaga da ƙarfinka duka, in ta kwana ƙasa ba ta tashi." Muka ɗaga, ta zube. Muka sake. A na huɗu ta tsaya tana rawa. Ya sa gwiwa yana danna cikin, ni ina jan ta a hankali muna zagaya bukka, zagaye nawa ban sani ba. Wajen la'asar ta yi wata gyatsa mai wari, ta sake, ta sake. Cikin ya fara saki.

Ya zauna ƙasa ya jingina da turke, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na jira ya faɗa. Na ma so ya faɗa, in samu abin mayarwa. Da ya huta sai ya ce, "Tana son ka. Da wani ne ya ba ta ba za ta ci haka ba." Ya tashi ya yi alwala.

Asabar, 4 ga Yuni

Kowace safiya sai an ɗaga su, ashe. Saniyar da yunwa ta ci in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta. Wata guda ke nan shi da Aisa suke ɗaga biyu, su kaɗai. Yau mu uku muka ɗaga Goshi. Muka koma kan tsohuwar, muka yi, muka yi, ƙafafunta na baya suka ƙi.

Na ga yadda ake rabon ganye. Kashi uku na Goshi, ɗaya na tsohuwar. Ruwan tsarin Aisa duk na Goshi. Na ce wa Aisa tun yaushe ake haka? Ta ce tun da ta zo. "Ta habbanaye ita ke fara sha a rijiya, ita ke fara ci. Ba a dukanta ko da tsinke." Ta ce tsohuwar daga shanun kakansa ta fito, ita ce ƙarshen jininsu.

Da hantsi motar masu banda ta tsaya. Kamar ungulu, suna jin wari. Ɗaya ya zagaya tsohuwar yana taɓa ta da takalmi, ya faɗi kuɗi. Ya kalli Goshi ya ce wannan ma in an haɗa zai ƙara. Na ce masa in ya sake kallonta sai na cire masa idon. Bubakar ya ce, "Waccan ba tawa ba ce." Ya karɓi abin da suka ba shi bai ƙirga ba, ya shafa wuyan tsohuwar, ya yi mata magana da Fulatanci, ya ɗauki gatari ya nufi daji. Bai waiwaya ba. Aisa ta shiga bukka. Ni kaɗai na tsaya na gani.

Da ya dawo na kasa riƙe bakina, kamar kullum. Na ce, ai an ce in tawa ta mutu a hannunka babu biya. Da ka ba taka ganyen, wa zai kama ka? Ya ce, "Babu biya." Ya aje ganyen gaban Goshi. "Babanka ya san abin da na ce mishi gaban mai gari. Ya kawo ni gidanshi, bai tuna mini ba. Har yau ina jira ya tuna mini."

Na so in ce ni na tuna. Ban ce ba.

Litinin, 6 ga Yuni

Ta tashi da kanta yau. Na hau gawo, na faɗo, Aisa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Dusa tafi biyu da safe, biyu da rana.

Laraba, 8 ga Yuni, Dakoro

Na dawo ba tare da ita ba. Ba wani abu ba ne, ba za ta iya tafiyar kwana biyu da wannan cikin ba, ko makaho ya san haka. Na gaya wa Bubakar in ta haihu ta yi ƙarfi zan zo in ɗauke ta. Na faɗa sarai, ina kallon idonsa. Ya ce to.

Baba bai tambaye ni komai ba. Ya dubi tafin hannuna da ya sassaɓe, ya ce Inna ta ba ni man kaɗe.

Juma'a, 10 ga Yuni

Na aika buhun dusa da Halidu. Saniyata ce, dole in ciyar da ita. Na sa tiya biyar ta gero da kwalbar mai a ciki, don man da aka ɗura mata nasu ne, ba na son a ce na ci na wani. Halidu ya ce, "Saniyar taka tuwo take ci yanzu?" Na ce ya ja motonsa.

Talata, 21 ga Yuni

Ruwa. Tun hantsi har azahar. Yara suna tsalle a titi, ni ina tunanin sanyi yana kashe saniya mai yunwa. Waya ba ta shiga can.

Lahadi, 3 ga Yuli

Hawwa'u ta ce malamin Maradi ya aiko na uku. Ta ce, "Ni ban amsa ba, amma ba ni ake tambaya ba." Na ce saura kaɗan, Goshi na haihuwa zan kawo ta. Ta ce in ba ta labarin can. Na ba ta, har da faɗowata daga gawo. Da na kai wajen tsohuwar saniya sai na ji muryata ta canza, na yi tari na bar zancen. Ta daɗe tana kallona.

Juma'a, 22 ga Yuli

Ina cikin inji Inna ta aiko in zo gida maza. Na tarar da Bubakar tsaye a ƙofa, ƙafafunsa duk laka, kwana uku yana tafe a hankali. Goshi a bayansa, ta fara cikowa, gashinta yana sheƙi. Gefenta maraƙa, mace, ja, da farin goshi irin na uwar.

Ya ce, "Ka ce in ta haihu ta yi ƙarfi. Ga ta. Na hutar da kai tafiya." Na ce 'yar fa? Ya ce tunda an karɓe uwa kafin lokaci, ba habbanaye ba ne kuma, kiwo ya yi mini, 'ya tana bin uwarta. Ya miƙo igiya.

Baba yana zaune a zaure, yana ji. Bai ɗago ba. Na jira ya ce wani abu, ko da tari ne. Ya bar ni da abina.

Saniya da maraƙa. Gobe in na kai su gidan su Hawwa'u an gama magana, malamin Maradi ya nemi wata. Na riƙe igiyar, na ji nauyinta. Na tambaye shi mi ya rage a ruga. Ya ce Aisa. Ya yi ɗan murmushi.

Ban san daga ina faɗan ya zo ba. Na hau shi. Na ce wane irin makiyayi ne zai jawo maraƙar kwana goma cikin laka har Dakoro? Na ce ciyawa ta fito a arewa shi kuma ya kawo ta gari ta ci leda? Na ce ni ina da lokacin tatsa ne, ina inji tun safe har magariba? Na ce Babana ya ce haihuwa uku, shi wa ya ba shi izinin ragewa, ko maganar gidanmu ce har yau ba ta da daraja a wurinsa? Na tura masa igiyar a ƙirji na ce ya kwana ya huta, gobe ya maida su inda ya ɗauko su, kuma in na zo na tarar da kaska ɗaya a kunnenta sai mun je gaban mai gari.

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya ce, "Isufu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya fuska wajen bango ya daɗe yana gyara rawaninsa.

Na koma inji. Na niƙa wa wata mata dawa a kan geron wata, suka yi ta zagina.

Lahadi, 24 ga Yuli

Na je wajen baban Hawwa'u da kaina bayan sujada, kafin ya ji a bakin wasu. Na ce babu saniya, ba bana ba, ba baɗi ba. Na ce gonar Korahane a hannuna take wannan damina, abin da ta bayar shi zan kawo, in bai isa ba ban da abin cewa. Ya ce ya ji an kawo mini ita har ƙofa. Na ce an kawo. Ya daɗe yana murza gemu, ya ce shi dai Nowel ya ce, bai ƙara ba bai rage ba. Ban san ko wake zai yi ba. Ban san ko za ta jira ba, ta dai aiko ƙanwarta da fura, babu saƙo.

Baba ya fara wata magana da safe, wai ya gode wa Ubangiji da ya ba shi ɗa mai... Na ce don Allah ya bari, ni ba don wa'azinsa na yi ba, ciyawar arewa ta fi kyau, shi ke nan. Ya ce to, ciyawa ce. Ya miƙo mini Littafi, na karanta masa inda muka tsaya.

Tumakina biyu da ke bayan ɗaki, ƙaramar tana da ciki. Akwai wata mata da ke kawo niƙa rabin tiya, kullum rabin tiya, da yara huɗu a bayanta. Ban ce zan yi wani abu ba. Na dai tambayi Halidu inda gidanta yake.